Kuɗin Makarantun 'Ya'yanmu: Ina Yake Fitowa, Wa Za Mu Tambaya?

Jawabin da Kwamitin Ilimi ya gabatar a babban taron ƙungiya, unguwar Barade, Jalingo.



 Shugabannin ƙungiya sun ɗora wa kwamitinmu aikin ya bincika maganar da ta nemi raba kanmu, wato maganar kuɗin makarantun firamare da 'ya'yanmu ke zuwa. Abin da muka gano shi za mu karanta muku, sannan mu kawo shawara, taro ya yanke hukunci.

Kowa ya san yadda gardamar take. Wasunmu sun ce a sanya wa kowane gida kuɗi a sayi benci, a gyara kwanon da iska ta yaye, tun da yara a ƙasa suke zaune. Wasu kuma sun ce ko sisin kwabo ba za su bayar ba, domin gwamnati ta ce ilimi kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi neman na tuwo yake yi. Daga nan siyasa ta shigo. Masu goyon bayan jam'iyyar da ke mulki suka ce masu ƙorafi 'yan adawa ne, su kuma 'yan adawa suka ce masu son a yi karo-karo so suke su rufa wa gwamnati asiri. Har ta kai mutanen da suke sahu ɗaya a masallaci, rumfa ɗaya a kasuwa, ba sa gaisawa yadda suka saba. Hedimasta ya sha zagi, kansila ma ya sha nasa, benci kuwa har yau bai zo ba.

To jama'a, abin da bincikenmu ya nuna shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Kuɗin makarantar firamare yana da hanyar da yake bi, yana da ofisoshin da yake tsayawa. Wanda bai san wannan hanya ba, da hedimasta zai yi ta faɗa har shekara ta ƙare, alhali hedimasta albashinsa kawai yake jira kamar kowane ma'aikaci.

Tarihin rigimar a taƙaice

Dattawanmu za su tuna zamanin En'e, lokacin da makarantar firamare take hannun hukumar gargajiya. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, a wannan shekarar kuma gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai ɗaya, wanda aka fi sani da UPE. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi lissafi. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, sai Gwamnatin Tarayya ta janye hannunta, aka bar jihohi da ƙananan hukumomi da nauyin, malamai suka shiga watanni ba albashi.

A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa don ta riƙe kuɗin malamai. A 1991 aka rushe ta da wata dokar soja, aka miƙa makarantun firamare kacokan ga ƙananan hukumomi. Ku lura da shekarar. A ranar 27 ga Agusta, 1991 ne aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, Jalingo ta zama hedikwata. Ke nan an haifi jiharmu a daidai lokacin da ake jefa makarantar firamare daga wannan hannu zuwa wancan. Ciyamomi da yawa a faɗin ƙasa suka kasa biyan malamai, aka yi ta yajin aiki, sai a 1993 aka sake dawo da hukumar ta ƙasa, tare da hukumar ilimin firamare a kowace jiha da ofishin Sakataren Ilimi a kowace ƙaramar hukuma. Aka koma yanke albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi tun daga sama. Malamai suka samu sauƙi, amma wasu ƙananan hukumomin suka riƙa kukan cewa bayan an yanke ba abin da ke rage musu.

A 2002 Kotun Ƙoli ta hana Gwamnatin Tarayya irin wannan yanka tun daga sama. Daga nan kason ƙananan hukumomi ya riƙa sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, yankan albashin malamai kuma ya koma hannun jiha. Mun kawo wannan tarihi ne don a gane cewa rigimar ta girmi kansilan da muke zagi, ta girmi jam'iyyun da muke faɗa a kansu.

Hanyoyin kuɗin

Kuɗin da ke tafiyar da makarantar firamare ta gwamnati yana zuwa ta ƙofa uku, kowace da mai tsaronta.

Ƙofa ta farko ita ce albashi. A tsarin rabon arzikin ƙasa da aka yi aiki da shi tun 2004, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. Daga kason ƙananan hukumomi ake biyan malaman firamare, ta hannun Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha, wato SUBEB. Taraba tana da ƙananan hukumomi 16, Jalingo ɗaya ce daga ciki. Mutanen garin nan ba su manta da koke-koken malaman firamare kan bashin albashi ba a zamanin gwamna Darius Ishaku, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023. Malamin da bai ga albashi ba zai nemi achaba ko gona, aji kuwa ya zauna babu kowa. Idan haka ta faru, ofishin da za a tambaya yana sama da makarantar.

Ƙofa ta biyu ita ce gine-gine da kayan aiki, wato azuzuwa, benci, rijiya da makewayi. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin firamare da ƙaramar sakandare, a hannun hukumar UBEC da ke Abuja. Amma akwai sharaɗi a kan kuɗin gine-gine: sai jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta kafin a sakar mata. Jihar da ba ta ajiye ba, kasonta yana nan kwance. Hukumar UBEC ta sha bayyana cewa biliyoyin naira suna jibge saboda jihohi da dama ba su kawo nasu ba. In kuɗin ya fito, SUBEB ce ke tsara makarantun da za a yi wa aiki, ita ce ke ba da kwangila. Ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma shi ke tattara buƙatun makarantu ya aika sama. Saboda haka makarantar da sunanta bai shiga jerin ba, ko shekara goma za ta yi rufinta a yaye, ɗan kwangila ba zai zo ba. Wannan jerin shi ne wurin da siyasa take aiki sosai, domin unguwar da ke da mai magana a ofis ita ake fara tunawa.

Ƙofa ta uku ita ce kuɗin hidimar yau da kullum: alli, rajista, tsintsiya, kwado, takardun jarrabawa. Shekara da shekaru, kuɗin da iyaye ke bayarwa ta ƙungiyar iyaye da malamai shi ke toshe wannan ɓaraka a makarantu da yawa. A 2023 gwamna Agbu Kefas ya shelanta ilimi kyauta a makarantun firamare da sakandare na gwamnati, ya kuma rage kuɗin Jami'ar Jihar Taraba da rabi. Wannan ya zo a shekarar da aka cire tallafin mai, rayuwa ta yi tsada, iyaye da yawa suka kwashe 'ya'yansu daga makarantun kuɗi suka mayar na gwamnati, waɗanda ke zaune a gida ma aka kai su. Alheri ne babba, duk wanda ke da 'ya'ya biyar ko shida ya san sauƙin da ya samu. Sai dai yara sun ƙaru da sauri, azuzuwa da benci da malamai ba sa ƙaruwa cikin dare ɗaya, ƙofar karɓar kuɗi daga iyaye kuma an rufe ta. Daga nan ne gardamarmu ta samo tushe.

Wa ke da gaskiya?

Masu cewa ba za a tilasta wa kowa biyan kuɗi ba suna da doka a bayansu. Dokar UBE ta 2004 ta ce hidimar makarantar firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati kyauta ce, wanda ya karɓi kuɗi kuwa ana iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyu. In muka matsa wa hedimasta ya yanka wa iyaye kuɗi, mun jefa shi cikin hatsari, aikinsa ma yana iya tafiya. In kuma aka kori yaro ɗaya saboda ubansa bai biya ba, mun aikata abin da muke kuka da shi.

Masu cewa a yi karo-karo su ma suna da gaskiyarsu. Yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya yana jiran a gama takardun kwangila ba, shekararsa wucewa take yi. Kuma babu dokar da ta hana al'umma ta yi wa makaranta gudummawa da son ranta. Bambancin yana wurin tilas da kuma hannun da kuɗin zai bi. Haraji a kan ɗalibi haramtacce ne a doka. Gudummawar ƙungiya, wadda aka tara a fili, aka sayi kaya aka miƙa da takarda, wannan halal ce.

Shi kuwa kansila, mu san iyakarsa. Ƙaramar hukumar Jalingo tana da mazaɓu goma: Barade, Sintali, Majidadi, Sarkin Dawaki, Turaki A da Turaki B, Kachalla Sembe, Kona, Mayo Goi da Abbare Yelwa. Kansilanmu mutum ɗaya ne cikin goma. Ba ya biyan albashi, ba ya ba da kwangilar SUBEB. Abin da yake da shi murya ce a majalisa lokacin da ake duba kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, da ƙafar shiga ofishin ciyaman da na Sakataren Ilimi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in mun iya amfani da shi. Tsarin Mulki, a jadawali na huɗu, ya sanya hannun ƙaramar hukuma cikin samarwa da kula da ilimin firamare, don haka tana iya gyara aji ko sayen benci daga kuɗinta, har da kuɗin shigar da take tarawa a kasuwa da tasha.

Hukuncin 2024

A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Mutane da yawa sun yi murna, suna ganin kuɗi zai matso kusa da talaka. Har aka shekara da hukuncin, a tsakiyar 2025, rahotanni suna nuna cewa biyan kai tsaye bai kankama ba a yawancin jihohi.

Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta daɗe tana roƙon kada a mayar da albashin malaman firamare hannun ciyamomi, saboda ba ta manta da abin da ya faru bayan 1991 ba. Tsoron nasu yana da dalili. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun yi yajin aiki daga Maris har zuwa Yuli, sama da wata uku, saboda ƙananan hukumomin yankin ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a 2024 ba. Wannan a Abuja ke nan, a gaban idon kowa. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, duk inda kuɗin ya sauka, a gidan gwamnati ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, in babu mai sa ido, makarantar ɗan talaka ita ce ta ƙarshe a layi. In kuma kuɗin ya dawo hannun ciyaman da gaske, to zaɓen ciyaman da kansila, wanda da yawanmu ba ma fita, ya zama zaɓen da ya fi shafar 'ya'yanmu.

Maganar baƙunta

Akwai wata magana da ake faɗa a ɓoye, gara mu fito da ita fili. Wasu suna cewa mu baƙi ne, kasuwanci ya kawo iyayenmu daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya da sauran wurare, don haka mu ja bakinmu mu yi shiru kada a ce mun cika neman rigima. Jama'a, dokar UBE cewa ta yi kowane yaro, ba ta nemi takardar shaidar asali ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulki ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa. A nan muke biyan kuɗin rumfa da na tasha, a nan katin zaɓenmu yake, a nan aka binne iyayen da yawa daga cikinmu. Muna ƙarƙashin Masarautar Muri kamar kowa, sunan unguwarmu ma sunan sarauta ne.

Amma haƙƙi yana tafiya da ladabi. Benci ɗaya 'ya'yanmu suke rabawa da 'ya'yan Fulani, Mumuye, Jukun Kona da sauran maƙwabta, Musulmi da Kirista. In muka je ofis da sunan Hausawa kaɗai, za a ɗauke ta maganar ƙabila, a ajiye ta gefe. In muka je da sunan iyayen yaran makaranta, tare da maƙwabtanmu, babu mai iya kore mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shawarwarin kwamiti

Na farko, mu shiga Kwamitin Gudanar da Makaranta na al'umma, wanda ake kira SBMC. Tsarin ƙasa ya tanadi irin wannan kwamiti a kowace makarantar firamare ta gwamnati, da wakilan mai unguwa, malamai, iyaye, mata, malaman addini, masu sana'a da tsofaffin ɗalibai. Shi ke tsara buƙatun makaranta a rubuce, kuma ta hannun irinsa ne UBEC take ba da tallafin ƙananan ayyuka, inda al'umma ke kawo nata ɗan kason, ko da yashi ne ko aikin ƙarfi. Muna ba da shawarar ƙungiya ta tsayar da namiji ɗaya da mace ɗaya ga kowace makarantar da 'ya'yanmu suke da yawa, su riƙa kawo rahoto duk ƙarshen zangon karatu.

Na biyu, mu yi ƙidaya. Da izinin hedimasta, a rubuta yawan yara a kowane aji, yawan benci masu lafiya, yawan malamai, azuzuwan da ke yoyo, da halin makewayin 'yan mata. Wanda ya je ofis ya ce makarantarmu ta lalace, za a ce masa an ji. Wanda ya ajiye takarda da lissafi da hotuna, dole a nemi amsar da za a ba shi.

Na uku, a rubuta takarda ɗaya zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumar Jalingo, a aika kwafi ga ciyaman, da kansila, da shugaban SUBEB, da ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu. A nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafinmu. A yi wannan tun kafin watannin ƙarshen shekara da ake haɗa kasafin kuɗi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin takardar mu yi tambaya a fili: shin makarantun Barade suna cikin jerin ayyukan da aka tsara, in suna ciki wane aiki ne kuma nawa aka ware? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar yin irin wannan tambaya a rubuce, ta ba ofis kwana bakwai ya amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Na huɗu, a buɗe gidauniyar benci ta son rai a cikin ƙungiya. Ba za a yanka wa kowane gida ba, ba za a karɓa a ƙofar makaranta ba, kuɗin ba zai bi ta hannun malami ba. Ma'aji ya ba da rasit, kafintocinmu su yi aikin a farashin zumunci, a miƙa kayan ga SBMC da takarda, a karanta lissafin a taro. A cikin takardarmu ga hukuma kuma mu rubuta cewa wannan agajin gaggawa ne, nauyin yana nan a wuyan gwamnati.

Na biyar, game da zaɓe. Ƙungiyar nan ba ta da jam'iyya, kowa ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Abin da muke roƙo shi ne duk ɗan takarar kansila ko ciyaman ko majalisa da ya zo neman ƙuri'armu, kowace jam'iyya ya fito, a miƙa masa wannan takarda ta buƙatun makarantu, ya faɗi a gaban taro abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, sakatare ya rubuta. Buhun shinkafa da atamfar lokacin kamfe ƙarewa suke yi kafin a rantsar da mutum. Matasanmu da ba su da katin zaɓe su je su yi rajista da zarar an buɗe.

Na shida ya shafi gidajenmu. Dokar da ta hana karɓar kuɗi ita ce kuma ta wajabta wa uba kai ɗansa makaranta: karo na farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ba zai yi kyau mu je muna neman benci ba alhali 'ya'yanmu mata suna yawon talla da hantsi, 'ya'yanmu maza suna tsaron rumfa ranar makaranta. Iyayenmu mata, a nan muna neman taimakonku ƙwarai. A tsara lokacin allo da Islamiyya yadda ba zai ci karo da na boko ba, kamar yadda gidaje da yawa suka riga suka yi.

Mai girma shugaban taro, waɗannan su ne shawarwari shida da kwamiti ya kawo. Muna roƙon a tattauna su ɗaya bayan ɗaya, a gyara abin da ke buƙatar gyara, a zaɓi mutanen da za su yi ƙidaya da waɗanda za su kai takarda kafin a tashi daga wannan zama, a kuma sa ranar da za su dawo da bayani. Muna roƙon 'yan'uwanmu da suka sami saɓani a kan wannan magana su yafi juna, domin kowannensu alherin yaran yake nema, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah ya raya mana zuriya, ya ba Jalingo da Jihar Taraba zaman lafiya.